Ina Amarya Za Ta Zauna Kafin Biza Ta Fito? Jagora Ga Ango, Amarya Da Iyaye A Kebbi

Ba baƙon abu ba ne yanzu a Birnin Kebbi, Argungu, Jega ko Yawuri ka ji an ɗaura auren yarinya da yaron da ke zaune a Ingila, Amurka, Kanada ko Saudiyya. Ango ya samo hutun sati uku ko wata guda, ya iso ana gobe kamu, a sha biki, a kai amarya, kafin lallen ƙafarta ya goge ya hau jirgi ya koma. An yi watanni ana lissafin lefe da kayan ɗaki da anko, amma in ka tambayi inda yarinyar za ta kwana daren da mijinta ya tafi, sai a ce maka, "Ai ɗan lokaci ne, takardunta na kan hanya." Tsawon wannan ɗan lokacin ko angon bai sani ba, don ba a hannunsa abin yake ba.

Shawarata guda ce, sauran duk bayaninta ne: a shirya wa amarya mazauni na gaskiya tun kafin a sa rana, a yi lissafi kamar za ta shekara biyu a ciki. In Allah Ya sa ta tafi cikin wata shida, ba a yi asarar komai ba. In kuwa aka ajiye ta ajiyar "kafin a ga abin da hali zai yi", jira ya yi tsawo, auren ne zai ji jiki.

Mataki na farko: a san da wace takarda ango yake zaune

Waliyyin amarya yana da haƙƙin ya tambaya, kuma ba cin fuska ba ne: "Yarona, da wace takarda kake zaune a can, kuma ta ba ka damar ɗauko iyali?" Amsar nan ita ke nuna ko jiran watanni ne ko na shekaru.

A Ingila, in ango ɗan ƙasa ne ko yana da zaman dindindin, sai ya nuna kuɗin shiga na fam 29,000 a shekara. Tun 11 ga Afrilu 2024 aka ɗaga adadin daga fam 18,600. Mai albashi yawanci takardun albashin wata shida a wurin aiki ɗaya yake kawowa, haɗe da bayanan banki. Amarya za ta ci jarrabawar Turanci ta matakin farko da ake kira A1, ta yi gwajin tarin fuka, kuma dole su biyun su kai shekara 18. Amma ɗalibin digiri na biyu na aji, tun Janairun 2024 aka hana shi ɗauko iyali, an bar masu karatun bincike irin na dakta da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Masu bizar aikin kula da tsofaffi da suka nema daga 11 ga Maris 2024 su ma an rufe musu ƙofar. Matar irin wannan ango ba biza take jira ba tukuna, jira take ya sauya matsayinsa.

A Amurka, miji zai cike fom ɗin I-130 na neman ɗauko matarsa a hukumar shige da fice ta USCIS. In an amince, fayil ɗin ya wuce cibiyar biza ta ƙasa (NVC), amarya ta cike fom ɗin neman biza na DS-260, miji ya cike I-864 na ɗaukar nauyi, sannan a jira ranar intabiyu a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas. Ko a lokacin da komai ke tafiya daidai, shekara da ɗoriya ba abin mamaki ba ne, matar mai girin kad, wato katin zaman dindindin, kuma layinta ya fi na matar ɗan ƙasa tsawo. A watan Disamba 2025 gwamnatin Amurka ta saka Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa biza, har da bizar ƙaura, daga 1 ga Janairu 2026. Duk mai shirin Amurka ya duba shafin ofishin jakadanci ya ga inda aka kwana kafin ya yi wa surukansa alkawarin wata ko shekara.

A Kanada, mai zaman dindindin dole yana zaune cikin ƙasar kafin ya nema wa matarsa, kuma zai sa hannu kan ɗaukar nauyinta na shekara uku. A Saudiyya, sana'ar da aka rubuta a iƙamar miji ita ke buɗe ko rufe hanyar ɗauko iyali, kuma tun Yulin 2020 ma'aikacin kamfani yana biyan riyal 400 duk wata kan kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashinsa.

Akwai maganar da ba a son faɗa, amma gara a faɗe ta yanzu. Mai mata a can da ya zo gida ya ƙara ta biyu, kada a ruɗi yarinya da iyayenta: Ingila da Amurka da Kanada ba za su ba ta bizar aure ba matuƙar uwargida na can a matsayin matarsa. Wannan amarya a Kebbi za ta zauna, gidan dindindin za a nema mata.

Mataki na biyu: a ɗaura yana nan, kuma a tare

A al'adarmu waliyyi da wakili ne ke ɗaura aure a masallaci ko a ƙofar gida, amarya na ciki, wani lokaci ango ma yana wata ƙasa. A shari'a aure ya ɗauru. A wajen jami'an biza kuwa kowace ƙasa da nata. Dokar shige da fice ta Amurka ba ta lissafa auren da ma'auratan ba su halarta tare ba, sai in sun haɗu a matsayin miji da mata bayan ɗaurin. Kanada ta fi tsanani, tun Yunin 2015 ba ta karɓar auren da ɗayansu bai halarci wurin ɗaurawa da jikinsa ba. Ingila tana karɓa in auren ya inganta a dokar ƙasar da aka yi shi.

Saboda haka ango ya zo da kansa. In Kanada ce, a shirya da liman tun da wuri yadda za a ɗaura a gidan mahaifin amarya, ita da ango suna wurin, su sa hannu a takardar shaida a zama ɗaya tare da shaidu. Takardar in da Larabci ko Hausa aka rubuta ta, sai an yi mata fassarar Turanci wadda mai fassara ya sa hannu da hatimi. Wasu sukan ce a je a ƙara da auren rajista na gwamnati don takardarsa ta fi ƙarfi. A yi hattara: auren da aka yi ƙarƙashin dokar aure ta tarayya na mace ɗaya ne, kuma babbar kotu kaɗai ke raba shi. A zauna da malami da lauya kafin a sa hannu.

Sai tarewa. Wasu iyaye kan ce a ɗaura kawai, in biza ta fito sai a yi biki ta tare a can. Ni ban goyi bayan haka ba. Mutum biyu da ba su taɓa cin tuwo a kwano ɗaya ba za a bar su da waya shekara ɗaya ko biyu, ga nauyin aure ba daɗinsa. A kai amarya ɗakinta, su zauna tare iyakar hutun da ya samu, ko da sati biyu ne. Ta san ɗabi'arsa, ya san tata, dangi su gan su tare. A wajen intabiyu ma tambayar da ta fi fitowa ita ce yaushe kuka ga juna, ina kuka zauna, wa ya halarta.

Mataki na uku: zaɓen wurin zama

Nan ne zuciyar maganar, kuma a yi ta a zaman sa rana, gaban manyan ɓangarorin biyu, bayan an ji ta bakin yarinyar ta hannun gwaggonta ko yayarta. Kunya ba za ta bar ta ta ce "ba na so" a gaban surukai ba.

Gidan iyayenta shi ya fi sauƙi a zuciya da aljihu. Tana wurin da ta saba, ga mahaifiyarta, in ciwo ya zo da dare akwai mai tashi. Matsalarsa bakin mutane ne da raini. A unguwa za a fara cewa, "Wai ba an yi mata aure ba?" A cikin gida kuma sai a manta matar aure ce, ƙanne su shiga ɗakinta yadda suka ga dama, a ci gaba da aikenta kamar da. In nan aka zaɓa, a ware mata ɗaki nata da makulli, a jera mata wani abu daga kayanta, miji ya riƙa aiko kuɗin abincinta ko da mahaifinta ya ce ba ya so. In ya ƙi karɓa a hannu, a mayar da shi buhun shinkafa da galan ɗin mai. Ita kuma ta ɗauki ranar gaida surukai, ko duk Juma'a ko bayan sati biyu, da ɗan abin hannu. Kuma a tanadi inda ango zai sauka in ya zo hutu, domin Bahaushe ba ya sakewa a gidan surukansa. Ɗakin da ta fara tarewa a bar shi don wannan.

Gidan surukai shi dangin miji suka fi so, kuma yana da alherinsa: ta san gidan da ta shiga, uwar miji ta samu mai ɗebe mata kewar ɗanta, ba kuɗin haya. Amma zo mu zauna, zo mu saɓa. A zaman gidan miji na yau da kullum, in an samu saɓani da rana, mijin na dawowa da dare ya ji ta bakin kowa. A nan ba ya nan. Labari yana isa gare shi ta waya, kowa da irin nasa, shi kuma ya gaji daga aiki. Abin da na fi ganin yana faruwa shi ne amarya ta wayi gari ita ce mai girkin gidan mutum goma sha biyar, ita ce shara, ita ce wanke-wanke, facalolinta suna ganin ai mijinta na Turai ba ta da wata damuwa, kuɗin da yake aikowa kuma yana bi ta hannun wansa.

In a nan za ta zauna, ango ya yi magana da mahaifiyarsa kafin biki, cikin ladabi, da kawu ko gwaggo a gefe. Kamar haka: "Inna, alfarma nake nema. Yarinyar nan amana ce aka ba ni, ni kuma ba na nan. Ina so a ware mata sashen baya da banɗakinta da wurin girkinta. Naki zan ci gaba da aikowa kamar yadda aka saba, nata kuma zan tura mata daban. In ta yi ba daidai ba ki yi mata faɗa, ɗiyarki ce, amma ki bar ta ta riƙa zuwa ganin iyayenta." Uwa da aka faɗa wa haka tun farko ba za ta ga kamar suruka ce ta zuga shi daga baya ba. A kuma duba batun samarin gidan. Annabi (SAW) da aka tambaye shi game da ɗan'uwan miji ya kira shi mutuwa, don haka sashenta ya kasance wanda ƙannen miji baligai ba sa ratsawa, kuma ba su za a bar wa kwanan gadi ba.

Na uku, gida nata daban, na haya ko na mijin. Shi ya fi ba ta mutuncin matar aure, shi ya fi tsada, kuma kaɗaicinsa ba wasa ba ne. Yarinyar da ta tashi cikin gida mai hayaniya, a rufe ta ita kaɗai a fulat daga magariba zuwa asuba, ba ƙaramin abu aka ɗora mata ba. In za a yi, a nemi gida kusa da iyayenta ko surukanta, inda keke napep ɗaya zai kai ta. In su Badariya suke a Birnin Kebbi, kada a kai ta Gwadangaji don gidan can ya fi kyau. A samo gida mai maƙwabta masu iyali cikin katanga ɗaya, a haɗa ta da 'yar zaman ɗaki da wata dattijuwa da za ta riƙa kwana. A tambayi ruwa, bohol ne ko sai 'yan garuwa. A sa ƙaramar sola da za ta ja fanka da fitila da cajin waya, don zafin Maris zuwa Mayu a Birnin Kebbi yana haura digiri 40. Haya a biya ta shekara ɗaya kawai, a rubuta yarjejeniya da sunan miji da mata duka, a karɓi rasit daga mai gida, ba daga bakin dillali ba.

In aka ce in zaɓa, ga yarinyar da ba ta wuce ashirin da 'yan kai ba kuma aurenta na fari ne, gidan iyayenta na fi so, da ɗakin tarewa a ajiye a gidan miji. Mai aiki ko wadda ta saba riƙe kanta, gida daban kusa da dangi. Gidan surukai sai in akwai sashe na gaskiya. Waɗanda ke ƙauyukan da tsaro ya taɓarɓare kuwa, a dawo da ita wajen dangi a cikin gari. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga yadda aka katse layukan waya a watan Satumba 2021, kuma wannan harka kusan duk ta imel take tafiya.

Mataki na huɗu: kayan ɗaki

Ku leƙa ɗakin amaryar da aka jera aka kulle, bayan damina ɗaya da hunturu ɗaya. Katifa ta yi fumfuna ta ƙasa, gara ta bi bango ta cinye bayan kabad, ƙura ta shige cikin kujeru duk da ledar da aka rufa, labule ya ƙone a gefen da rana ke bugawa. Uba ya sayar da shanu ko shinkafar shekara ya yi wannan, ga shi ba za a ɗauke shi a jirgi ba. Akwati biyu masu kilo 23 shi ne abin da yawancin jirage ke bari. Kayan wuta ma Amurka da Kanada ƙarfin lantarkinsu volt 120 ne, namu ba ya yi a can.

A sayi abin da za ta yi amfani da shi yanzu: gado, katifa, kujeru kaɗan, kayan girki, firij ƙarami. Ragowar kuɗin a saya mata zinari ko fili ko dabbobi da sunanta. Mata za su yi magana ranar jere, su yi. Kuma a rubuta jerin kayan a takarda, kowane ɓangare ya riƙe kwafi, domin kayan ɗaki na amarya ne, ba na gidan da aka ajiye su ba.

Mataki na biyar: nafaƙa, izini da waya

A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, nafaƙa na hawa kan miji da zarar ya tare da matarsa, ko aka kira shi ya tare. Nisa ba ya sauke ta, zamanta a gidan ubanta da yardarsa ma ba ya sauke ta. A tsayar da rana ɗaya a wata, kuɗin ya shiga asusun bankinta kai tsaye da sunansa a matsayin mai turowa. A lissafa shi da farashin kaya, a sake dubawa bayan wata uku, don abin da ya isa a Muharram ba lallai ya isa da azumi ba. Wannan hanyar tana kare ta daga roƙon haƙƙinta a hannun wani, kuma rasit ɗin banki na wata-wata yana cikin shaidun da jami'in biza ke ɗauka da muhimmanci.

Maganar izinin fita a gama ta kafin ya tafi. Niyok tana bayanmu da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara, wato lokacin da aka aiko mata an yi rasuwa da hantsi, shi yana barci. Ya ba ta izini na gaba ɗaya: asibiti, makaranta, gidan iyaye, gaisuwar mutuwa, barka da suna na dangi na kusa. Ya kuma ambaci mutum ɗaya babba, mahaifinsa ko kawunsa, da za a nema in abu ya taso da gaggawa. Kai ango, kada ka naɗa 'yan rahoto. Ranar da ƙanwarka ta fara cewa "Yaya, yau ma na ga ta fita," ka tambayi matarka kai tsaye.

Ku tsayar da lokacin hira da ya dace da ku biyu. Landan da mu agogo ɗaya ne da bazararsu, awa ɗaya tsakani da sanyinsu, Saudiyya kuma tana gabanmu da awa biyu. Kada kullum hirar ta zama ta takardu.

Ke amarya, kada ki dakatar da rayuwarki. In kina Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko Kwalejin Waziri Umaru ko jami'ar Aliero, ki ci gaba. In bautar ƙasa ce, ki yi. In aiki kike, kada ki ajiye shi sai biza ta shiga hannunki. Ki koyi Turancin magana da sauraro, shi ake gwadawa a A1, shi kuma zai kai ki kanti da asibiti a can ba tare da jiran miji ya taso aiki ba.

Mataki na shida: takardu da adireshi

Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a NIN, fasfo, takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, sakamakon makaranta da takardar aure. Harafi ɗaya, Aisha a nan A'ishatu a can, yana iya cin watanni. Ba dole ba ne a sauya sunan mahaifi zuwa na miji, barinsa ma ya fi sauƙi. Fasfo ana yinsa a ofishin shige da fice na Birnin Kebbi, a fara shi tun kafin biki.

Adireshin da za a rubuta a fom ya zama inda take kwana da gaske. In tana gidan mahaifinta a Argungu, a rubuta haka. Jami'an biza sun san miji da mata na ƙasa biyu, ba zama tare suke nema ba, gaskiyar auren suke nema. Abin da ke kashe fayil shi ne fom ya ce Gesse ta Birnin Kebbi, ita a intabiyu ta ce Argungu. DS-260 ma yana tambayar wuraren da mutum ya zauna a baya, don haka duk sauyin gida a rubuta watansa a littafi. Imel ɗin ya kasance wanda ita ma ke da lambar sirrinsa, kada a bar shi a hannun mai shagon intanet.

A samu jaka ɗaya mai zif a sa katin gayyata, hotunan biki da iyaye a ciki, tikitin jirgin ango da kwafin shafin fasfonsa mai hatimin shigowa, rasit ɗin haya da na turo kuɗi, da hoton jerin kiran WhatsApp na wata-wata. Kada a ƙirƙiri komai. Ƙarya a neman bizar Amurka tana jawo haramci na har abada. Haka dabarar "ta shiga da bizar ziyara ta zauna": a Ingila ba a sauya bizar ziyara zuwa ta aure daga cikin ƙasa.

Za a yi tafiya. Mai Ingila za ta je Abuja ko Legas ɗaukar zanen yatsu da gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, irin na hukumar kula da ƙaura ta duniya (IOM). Takardar gwajin wata shida take yi, kada a yi ta da wuri ta mutu a jaka. Mai Amurka gwajin lafiya da intabiyu za su kai ta Legas, kwanaki ne ba yini ɗaya ba. A tanadi muharrami da masauki wajen dangi ko otal na mutunci. In da hali a bi jirgi daga Birnin Kebbi ko Sakkwato, in mota ce a yi tafiyar rana.

Mataki na bakwai: gidan can, da zuwan ango gida

Ingila tana so a nuna akwai isasshen wurin zama ba cunkoso, kuma ba da tallafin gwamnati ba. Ɗakin da ango ke rabawa da wani gwauro ba zai wuce ba. In gidan haɗaka ne, ya zama suna da ɗakin kwana nasu su kaɗai, ga yarjejeniyar haya da wasiƙar mai gida cewa ya yarda matar ta zauna. Ango ya daidaita lokaci: kada ya kama babban gida shekara guda kafin ta zo yana biyan haya biyu, kada kuma ya tura takardu ba shi da abin nunawa. Ya lissafa da kuɗin lafiya na fam 1,035 a kowace shekara da ake biya gaba ɗaya tare da kuɗin biza. A Amurka, girin kad ta gidan waya ake aiko shi zuwa adireshin da aka bayar, in ya tashi daga gida ya sanar.

Ya zo gida duk lokacin da ya samu hali, ko su haɗu a Umra. Amma kada kewa ta sa ya ajiye aiki ya dawo zaman jira. Mai Ingila zai karya lissafin albashin wata shida. Mai girin kad da ya shekara a waje ba takardar izinin dawowa yana iya rasa matsayinsa, mai cike I-864 kuma dole ya nuna Amurka ce mazauninsa.

In ciki ya samu, goyon ciki a gidan iyayenta shi ne daidai, ta yi awo ta haihu ta yi wankan jego a hannun mahaifiyarta. A gaya wa likitan gwajin biza tana da ciki kafin a ɗauki hoton ƙirji. In an haihu, a yi wa jariri takardar haihuwa da fasfo nan da nan, a sanar da ofishin da fayil yake. Ɗan wanda yake ɗan ƙasar Amurka ba ya bin bizar uwarsa: ko dai a yi masa rajistar haihuwa a ofishin jakadanci in uban ya cika sharuɗɗa, ko a cike masa nasa I-130.

Mataki na takwas: a riƙa sake zama

Duk wata shida manyan da suka yanke shawarar farko su sake zama, ango a waya. Wurin nan har yanzu yana yi mata? Kuɗin na isa? Takardu ina suka tsaya? In zaman gidan surukai ya ƙi, a mayar da ita gida cikin mutunci tun kafin ta yi yaji. In an hana biza, a karanta dalilin da aka rubuta, a kai wa lauyan shige da fice mai lasisi a ƙasar, a san ko ɗaukaka ƙara za a yi ko sabon nema. In shekara biyu ta cika ƙofa na rufe, ango ya fito da amsa a fili: zai riƙa zuwa sau nawa a shekara, zai nemi aiki a ƙasar da za ta karɓe su tare, ko zai dawo.

In biza ta fito, a fara duba ranar da za ta mutu. Ta Amurka ba ta wuce wata shida, kuma tana bin ranar gwajin lafiya, sau da yawa abin da ya rage bai kai haka ba. A sanar da mai gida, a fito da takardar jerin kaya, amarya da bakinta ta faɗi wanda za a sayar, wanda za a ba ƙannenta da wanda za a ajiye. Asalin takardun aure da na haihuwa da na makaranta su shiga jakar hannu, ba akwatin kaya ba. Jakar shaidu ma ta tafi da ita, domin wadda ta shiga Amurka aurenta bai cika shekara biyu ba girin kad na shekara biyu ake ba ta, su biyun kuma za su cike fom ɗin I-751 na cire wannan sharaɗi cikin kwana 90 kafin ya ƙare. A Ingila bizar farko wata 33 ce, a wajen sabuntawa za a nemi wasiƙu da takardun gida masu sunansu duka a adireshi ɗaya, don haka tun satin farko a sa sunanta a yarjejeniyar haya da takardar harajin gunduma.